Sandata a Layin Caji

Talata, da hantsi

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. An yi mini amarya.

Surukata Hapsatu ta sauka bayan sallar asuba, an samu mace. Sai wata mai kamawa ake sa ran zuwanta, amma da alama ta ji labarin ango ne ta kasa haƙuri. Zuwaira matata ta leƙo zaure tana share hannu a zani, ta ce, "To tsoho, amaryar taka ta iso. Sai ka nemo haƙoran da za ka tarbe ta da su."

Na ce, "Ai ita ma ba ta da ko ɗaya. Mun yi daidai."

Jikata ta farko ke nan. Malam Musaddiq, wanda ya koya mana karatu a ajin yamma bayan furfura ta riga ta kama mu, ya ce mu riƙa rubuta abin da ya faru kullum don kada hannu ya sandare. Yawanci labarin ruwan sama nake rubutawa da lafiyar shanu. Yau alƙalami rawa yake yi.

Uban jaririyar shi ne wancan. Haka zan rubuta shi, don a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ce masa ɗana, ba a zama tabarma ɗaya da shi. Haka Baffana, wato mahaifina, ya yi da yayana, haka na tarar. Ko a takarda hannuna ba ya yarda.

Ya zo zaure ya tsuguna daga nesa, ya ce, "Baffa, an samu ƙaruwa." Na ce, "Madalla," na ci gaba da tufkar igiya. Da ya fita sai na zaga bayan garke na yi ta dariya ni kaɗai, har jar saniya ta juyo tana kallona.

Laraba, bayan la'asar

Ban gan ta ba tukuna. Zuwaira ta ce ƙarama ce ƙwarai, ga sanyin damina, ba za a fito da ita ba sai ranar suna. Na ce to a gaya mata ango yana nan bai gudu ba.

Wancan yana ta zagaya kekensa yana duba fuskarsa. Bara ya sayar da shanun da suka zama rabonsa ya sayi keke mai caji, kore, ba ya shan fetur, ba ya ƙara, sai dai ka gan shi a bayanka kamar kyanwa. Ban ce masa kome ba a lokacin, kuma ya san abin da shirun yake nufi. Da shi yake jigilar mutane tsakanin garinmu Farin Dutse da Gwaram da Birnin Kudu.

Tun iskar da ta kayar da turakun wuta babu lantarki a Gwaram. Mai janareta da ke ba su caji a can ya rufe, don tun da ruwa ya cinye kwalbatin babbar hanya motocin mai ba su shigo ba. Babura duk an jingine su. Wuri ɗaya ya rage, wata rumfa mai aiki da hasken rana a tashar Birnin Kudu. In an cika keken a can, yakan kawo shi gida ya mayar da shi, da ƙyar.

Juma'a, bayan masallaci

Zuwaira ba ta yi mini tsiya ba yau. Ban so haka ba.

Asabar, da safe

Ta ce farin idon yarinyar ya koma ruwan ɗorawa. Matan gida suka ce shawara ce, a jiƙa saiwa. Wancan ya ce a'a. Karo na farko ke nan da na ji ya ɗaga murya a cikin gidan nan. Ya ɗauke su zuwa ƙaramin asibitin Gwaram, can aka ce su wuce Birnin Kudu kada su tsaya ko shan ruwa.

Na tsaya a ƙofar gida da za su wuce. Tsumma kawai na gani a hannun Zuwaira.

Lahadi, da yamma

Hadari tun safe. An ce an sa ta a ƙarƙashin wata fitila.

Talata, da hantsi

An raɗa suna a masallaci, babu mai suna, babu uwarta. Munawwara. An yanka rago, mata sun yi guɗa sau ɗaya suka yi shiru, kamar sun tuna wani abu. Mutane na ta yi mini barka, ina ta amsawa. Murnata tana nan yadda take, sai dai ta rasa inda za ta zauna.

Gobe zan bi wancan Birnin Kudu. Na ce da Zuwaira ta waya ina so in duba kasuwar shanu ne. Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Kasuwar shanu tana hawa na biyu, ɗakin jarirai."

Laraba, bayan azahar

Ni a baya, shi a gaba, babu wanda ya ce uffan. Keken ma ba ya magana, shirun ya yi yawa. A gabansa akwai 'yan sanduna masu haske da ke nuna ƙarfin batir. Na lura idonsa ya fi zama a kansu fiye da kan hanya. Da muka shiga gari saura ɗaya, tana ƙiftawa.

Na gan ta ta gilashi. An rufe mata ido da ƙyalle, ga shuɗin haske a kanta. Ƙafarta ba ta kai babban yatsana ba. Ta motsa hannu. Wallahi ni ta yi wa.

Na sauka a zauren wani ƙanin Zuwaira.

Alhamis, da la'asar

Yau na ga rumfar. Kwano ne a kan ƙarafa, an jera masa baƙaƙen faranti suna kallon sama. Wayoyi biyu masu kauri ke fitowa daga wani akwati, ɗaya ta ƙone tun kafin in zo, ana jiran mai gyara daga Kano. Waya ɗaya ke nan ga kekuna da babura masu caji na garin nan da ƙauyukansa. Mai kula da wurin sunansa Jafaru, mutum mai haƙuri, ana zaginsa yana cin gyaɗa. Ya ce in babu rana, akwatin ɗigo yake yi kamar nonon tsohuwar saniya.

Dokarsu ita ce, wanda ya bar kekensa ya tafi, layinsa ya faɗi. Wancan kuwa ba ya iya zama. A kira shi sayen magani, a kira shi kai abinci. Yau ya dawo ya tarar an tura kekensa can baya, ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon ƙasa.

Ni na san wannan aikin. Layin rijiya ne a tsakiyar rani. Na je na kafa sandata a gaban koren keken, na shimfiɗa buzuna na zauna. Ban dube shi ba, shi ma bai dube ni ba. Ya koma asibiti.

Juma'a, da yamma

Akwai wani Dogara a nan, ƙato mai babbar murya, yana ɗaukar kayan gwari da kekensa zuwa kasuwanni. Shi ne kamar shugabansu, ko da yake ban ga wanda ya naɗa shi ba. Ya zo ya tsaya a kaina.

"Baba mai sanda, kai kuma wanne ne naka? Ko sandar za a sa wa caji?"

Na ce, "Sandar nan ta shekara talatin ba ta nemi caji ba. Koren can nake tsarewa."

Aka yi dariya. Ya ce, "Na ɗanka ne?"

Na ce, "Na wani yaro ne daga wajenmu."

Ashe wancan yana bayana, ya kawo mini tuwo a kwano. Ya ajiye, ya ce, "Ga shi, Baba." Baba, ba Baffa ba, kamar yadda kowane ɗan tasha yake ce mini. Ya san al'ada, ba shi da abin cewa. Ban san abin da ya sa tuwon ya ƙi wucewa ba.

Asabar, da hantsi

Hadari.

Lahadi, bayan la'asar

Rana ta leƙo da azahar, kowa ya ɗaga kai kamar ana duban wata. Mun samu rabin caji. Jafaru ya ce daga yanzu rabi-rabi za a riƙa bayarwa don a zagaya.

An yi rigima. Wani ya zo jiya yana kuka, wai uwarsa na kan gargara a ƙauye, aka cire wayar daga keken Dogara aka ba shi. Yau aka gan shi ya cika keken da 'yan biki, har da makaɗi. Dogara ya yi rantsuwa da abin da zai kashe shi cewa an gama tsallake layi. Ya ce, "Kowa yana da mara lafiya in ya ga layi ya yi tsawo. Daga yau sai uban mutum ya zo da ƙafarsa ya shaide shi." Duk suka amince. Ni ma na gyaɗa kai, don gaskiya ce.

Litinin, da safe

An sallame su! Idon ya washe. Alhamdu lillahi, Alhamdu lillahi.

Likita ta ja kunne. Ta ce in yarinyar ta ƙi kama nono, ko launin ya dawo ya gangaro ciki, a dawo da ita a ranar, kada a kwana. Zuwaira ta maimaita mini sau biyu don in rubuta.

Na so in ɗauke ta, amma ana yayyafi, an naɗe ta cikin bargo, ga Hapsatu tsaye tana jin nauyina. Na ce a gida ma yi. Keken ya cika da mata da kwanuka da tabarmi, ga rabin caji, nauyina zai ƙara cinye shi. Na ce su tafi, ni zan riƙe layi kafin ya dawo.

Na koma rumfa na saya wa kowa rake. Dogara ya ce, "Baba, wannan yaron na wajenku yana biyanka da kyau." Na ce yana ƙoƙari.

Talata, da magariba

Wancan ya dawo yana tura keken da hannu tun daga bayan gari, laka har gwiwa. Ba ko sanda ɗaya a fuskarsa. Da keken babu a wurin, ba su yarda da sandata ita kaɗai ba. Mun koma baya.

Laraba, da la'asar

Ruwa tun asuba. Keke biyu kawai aka sallama. Babu wanda ya yi wasa yau, har Dogara.

Alhamis, da hantsi

Zuwaira ta bugo wa wancan waya. Na ga fuskarsa.

Tun jiya da yamma ba ta kama nono ba.

Alhamis, bayan azahar

Ina zaune a kan kwandon kuɓewar Dogara ina wannan rubutu, don in ban yi wani abu da hannuna ba zan tashi in kama hanyar Gwaram da ƙafa.

Da ya ajiye wayar ya ruga cikin tasha neman mota ko babur mai fetur. Babu. Wanda ke da ɗan mai a galan ya ce ba zai kai shi ko rabin hanya ba. Ya buga wa mutanen Gwaram, su ma haka. Ya dawo rumfa. Keken Dogara ne a kan waya tun safe, ga kwandunansa a ɗaure, ya kwana biyu yana jiran wannan layin kuɓewarsa na yaushi.

Wancan ya tsuguna a gabansa. Ban taɓa ganin ya tsuguna wa wani ba in ba ni ba. Ya ce, "Yaya Dogara, don Allah. 'Yata ce, jaririya. Likita ta ce kada a kwana."

Dogara bai dube shi ba. Ya ce, "Ka ji dokar da aka yi. Mai 'yan bikin nan ma da hawayensa ya zo. Ina ubanka?"

Wancan ya zuba wa ƙasa ido. Ina zaune taku kaɗan daga gare shi, kuma bai juyo ba. Ko a wannan hali bai nuna ni ba, don kada ya sa ni abin da ban taɓa yi ba. Wannan ne ya tashe ni tsaye.

Na ce, "Ni na shaide shi."

Dogara ya ce, "Haba Baba mai sanda. Kai da bakinka ka ce wani yaro ne daga wajenku. Shaidar ɗan haya ba ta ci a nan."

Wani daga baya ya ce, "Rake ne ya ƙare, yana neman na gobe." Aka ɗan yi dariya, ba da yawa ba.

Na tuna Baffana, wanda ya rasu bai taɓa kiran yayana da suna ba, ko ranar da yayan ya faɗa rijiya, sai cewa ya yi a ciro wancan. Na tuna ƙafar nan da ba ta kai yatsana ba.

Sai na faɗa. A gaban 'yan tasha, da masu rake, da matan da ke fakewa ruwa. Na ce ɗana ne, na cikina, ɗan farina. Na kira sunansa da ƙarfi har muryata ta fashe. Na ce jaririyar jikata ce, ban ko ɗauke ta ba tukuna. Na ce a rijiyar da na sani, ko fari ya kai ina, saniya mai jego ake fara ba guga.

Akwai 'ya'yan Fulani a cikinsu, sun san abin da na yi, suka sunkuyar da kai. Shi kuwa yana tsugune yadda yake, kafaɗunsa na motsi.

Dogara ya ce, "Innalillahi. Baba, kwana da kwanaki kana zaune a nan kamar gunki, ka bar ni ina yi maka shaƙiyanci?" Ya juya ga Jafaru. "In an sa nasa yanzu, yaushe zai tashi?"

Jafaru ya dubi sama ya ce, "Da wannan hadarin? Sai la'asar ya samu na zuwa kawai."

"Nawa fa?"

"Naka zai kai Farin Dutse. Dawowa kuma, zai kawo su wani wuri, ban ce gari ba."

Dogara ya fara kwance igiya yana jidar kwanduna yana faɗa, da ni, da Jafaru, da hadari, da wanda ya ƙirƙiro keken. Ya jefa wa wancan makulli, ya ce, "Tashi, malam, kuka ba ya caji. Kada ka yi gudu, gudu ne ke shanye shi. Kada ka kunna fitila. In ya mutu ka tsaya inda kake, za mu taho da naka."

Aka cire waya aka sa wa koren. Waɗanda ke gabanmu a layi babu wanda ya ce kanzil.

Yanzu sanda ɗaya ta fito. Ina kallonta kamar zan ja ta da ido.

Alhamis, da la'asar

Sanda biyu. Wancan ya bugo, ya isa, sun taso. Dogara ya ce mu jira ta uku. Ya Allah, ka yaye wannan girgijen ko na ɗan lokaci.

Juma'a, bayan masallaci

Jiya ban iya ƙarasawa ba.

Ta ukun ba ta fito ba. Wancan ya bugo ya ce keken ya mutu a wajen gonakin shinkafa, da sauran tafiya kafin gari. Dogara ya fizge wayar caji daga koren da kansa, ya ce, "Hau, Baba." Jafaru ya ce zai tsare kuɓewa.

Tafiya muke kamar ta hawainiya, ni ina cewa ya ƙara, shi yana cewa, "In na ƙara, mu ma a zo ɗaukarmu da jaki." Yayyafi ya sauko. Can muka hango su, yana tura keken Dogara da matan a ciki, rigarsa ya cire ya rufa musu ta gefen da ruwa ke bugowa.

Wajen sauya keke Zuwaira ta rasa yadda za ta sauko da ita a hannu. Ta ce, "Karɓi, tsoho." Haka aka miƙo mini ita, a tsakiyar titi, babu shiri. Ba ta kai nauyin ƙwaryar nono ba. Na sa ta cikin babbar rigata. Ina jin numfashinta a ƙirjina, ƙanƙani, da sauri. Ban mayar da ita ba har ƙofar asibiti, kuma babu wanda ya ce in mayar.

Dogara ya zauna a bakin hanya da mataccen kekensa, ya ce mu tafi, zai samu masu turawa. Mun shiga asibiti sandar ƙarshe na ƙiftawa.

An mayar da ita ƙarƙashin fitila, an sa mata ruwa. Likita ta ce gara da ba a kwana ba. Iyakar abin da ta ce ke nan, ni ma ban tambayi ƙari ba.

Asabar, da yamma

Babu canji. Na je rumfa. Rabin kuɓewar Dogara ta lalace. Na yi masa maganar, ya ce in na sake tayar da ita zai sa wa sandata caji da gaske.

Lahadi, da azahar

Ta buɗe baki an ɗiga mata. Ta haɗiye.

Litinin, da la'asar

Ta kama nono! Zuwaira ta fito da gudu har ɗankwalinta na faɗuwa. Ta ce amaryar tawa ta kama kamar mai jin haushin kowa. Na yi sujada a barandar asibiti, mai shara na jira in tashi.

Da ta huce sai ta dube ni ta gefen ido, ta ce, "An ce ka yi abin kunya a tasha."

Na ce, "Na yi."

Ta ce, "Har da suna?"

Na ce, "Har da suna."

Ta ce, "Ni da na haife shi ban taɓa ba. Yaya yake a baki?"

Na ce ta gwada ta ji. Ta ce Allah ya kiyaye, ta koma ciki tana share ido.

Rana ta fito sosai yau. Na koma layi, don har yanzu waya ɗaya ce, mai gyaran Kano bai zo ba. Da azahar wancan ya kawo tuwo. Ya ajiye zai juya, sai na matsa gefe na bar masa rabin buzu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna, ya ce, "Bismilla, Baffa." Muka ci kwano ɗaya, babu wanda ya dubi wani.

Malam Musaddiq ya koya mini haruffan nan duka, amma ban taɓa jera su haka ba. Bari in gwada.

Yunusa.

Yunusa ɗan Manu, uban Munawwara. Ɗana.